Iska a Cikin Famfo

Ana gama cin abincin rana waya ta shigo ofishin 'yan sanda. Wai mutum ya mutu a wata masana'anta da ke ƙera famfunan ruwa masu sanyaya batirin motocin lantarki. Mai bugowar ya ce shi ne manajan wurin, kuma sai nanata kalmar haɗari yake yi, har Sufeto ya soma tunanin ko tsoro yake ji kada a kira abin da wani suna.

Sufeto ya ba hamsin baya. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsaki, kuma in akwai abin da ya tsana a duniya, to sabuwar motar sintirin da aka ba su ce. Mota ba hayaƙi, ba ƙara, ta lallaɓo bayanka kamar mage, ai a wurinsa wannan ba mota ba ce. Shi ya fi ganewa tsohuwar akwalarsu, wadda tun daga kan kwana kowa ke jin tahowarta.

Saje ne ke tuƙi, wani ƙato mai tumbi da ba ya rabuwa da raha. Suna shiga cunkoso, ga rana ta take, sai motar ta soma abin da ta saba yi kwanan nan, wani ɗan ƙugi daga ƙarƙashin kujerar baya, ƙulu-ƙulu, kamar mai kurkurar baki. Saje ya ce shi fa ya sha faɗa, motar nan iskoki ne da ita, a daure a kai ta a yi mata turare. Sufeto ya ce ya kama bakinsa ya dubi hanya.

Masana'antar ba wata babba ba ce. Dogon zaure ne guda mai injuna jere, ofisoshi a gefe, ɗakin cin abinci can ƙetaren fili. Ma'aikata sun yi cirko-cirko a bakin wata ƙofar ƙarfe.

Ɗakin gwaji ne, ko taga babu. Ƙasa ta jiƙe sharkaf da wani ruwa kore-kore mai santsi, har lokacin da sauran ɗuminsa. Teburan ƙarfe biyu ne a ciki, kowanne da famfo ɗaure a kai, bai fi dunƙulen hannu biyu ba, tiyo na shiga tiyo na fita. A tebur na farko tiyo ɗaya ya fizge daga mazauninsa yana reto. Mamacin na kwance rigingine a ƙasa, rigarsa ta manne da ƙirji. Shi ne babban injiniyan wurin, kowa Dogo yake ce masa.

Sufeto bai gama durƙusawa ba sai ga wata matashiya ta ratso mutane, da rigar aiki a jikinta, idanunta sun kumbura. Ta miƙo masa hannuwa biyu a haɗe.

"Ku sa min ankwa," ta ce. "Ni na kashe shi."

Sufeto ya ga masu gudu, ya ga masu rantsuwa, ya ga masu suman ƙarya, amma irin wannan kam bai taɓa gani ba.

Manaja ya yi sauri ya shiga tsakani. Ya ce wannan Auta ce, ƙanwar mamacin uwa ɗaya uba ɗaya, ita ma injiniya ce, tare suke aikin sabon famfon. Ita ta ɗaure tiyon da safe. Ga dukkan alamu bai ɗauru sosai ba, ruwa ya yi zafi ya fizge shi, ya watsa wa Dogo a ƙirji, ya ja da baya santsi ya kwashe shi, ƙeyarsa ta bugi gefen tebur.

Wani tsoho mai farin gemu da gilashi ya matso ya dafa kafaɗar Auta. Ya ce ta yi haƙuri, ƙaddara ce, kowa na kuskure, shi ba zai bari a taɓa ta ba. Manaja ya sassauta murya ya ce wannan shi ne Baba Mai Famfo, wanda ya kafa wurin da hannunsa, kuma surukin mamacin.

Saje ya raɗa wa Sufeto cewa in haka ne, tuhumar sakaci ce za ta hau kanta. Sufeto ya dubi yarinyar, ya ga ba kotu ce matsalarta ba. Ko alƙali ya sake ta gobe, ita ta riga ta yanke wa kanta hukunci, kuma da shi za ta tsufa.

Likitan 'yan sanda ta iso, aka fitar da kowa. Ta daɗe a tsugune kafin ta yafito Sufeto.

"Ruwan nan gawa ya ƙona," ta ce.

"Kamar yaya?"

"Fatar mai rai in ta ƙone takan yi ja, ta tashi bororo. Wannan dahuwa kawai ta yi. Ya riga ya mutu kafin ruwan ya taɓa shi."

Ta juya kan mamacin ta nuna masa raunin. Ta ce gefen tebur miƙaƙƙe ne, wannan kuwa zagaye yake, ga kuma wasu 'yan ramuka uku a jere kamar shatin noti. Sufeto ya miƙe a hankali, gwiwarsa ta yi ƙara. Wani ya rotse kan mutum da rana tsaka, ma'aikata na can suna cin abinci, sa'an nan ya tsaya ya kunna inji. Ya roƙi likita kada ta faɗa wa kowa tukuna.

Ya sa aka dawo da Auta bakin ƙofar, bayan an rufe gawar da mayafi. Ya ce ta yi masa bayanin aikin kamar tana yi wa kakanta, don shi ko batirin tocila sai an nuna masa gaba da baya.

Magana a kan aiki ta ɗan tsayar mata da kuka. Ta ce batirin mota yana zafi kamar jikin mutum, ruwa ne ke zagaya shi yana kwashe zafin, famfo kuma shi ke tura ruwan. Tsohon famfonsu yana da hali guda: in iska ta taru a cikinsa, farfelar sai ta yi ta juyawa a banza, ruwa ya tsaya. Ita da Yaya suka sake fasalin farfelar, suka ɗaga mafitar ruwan sama, yadda iska za ta sami hanya ta fice da kanta.

"Da kika fita, injin na aiki?"

"A kashe yake. Yaya ya ce ba zai ci abinci ba, shi zai kunna."

"Kun sami saɓani yau?"

"A'a," ta ce, ta kawar da kai.

Sufeto ya ji wannan a'a ɗin ta fito da wuri, amma ya ƙyale. Idonsa na kan wani ɗan noti da ke can saman bututun tebur na farko. Ɗigon koren ruwa na maƙale a bakinsa, ga kuma wani siririn feshi da ya haura bango. Tiyon da ya fizge yana ƙasa, ta ɗaya gefen. Ya tambaye ta wannan fa na mene ne.

Ta ɗaga kai, ta yamutsa fuska. Ta ce notin fitar da iska ne, na tsohon famfo. A da kafin a kunna dole sai an sassauta shi, a ɗora babban yatsa a baki, har iska ta gama fita ruwa ya taɓa yatsan. Sabon famfo ba ruwansa da wannan, kuma tun da suka fara gwajinsa ba wanda ya taɓa notin. Yaya har cewa ya yi zai sa a like shi da walda, don ganinsa ma haushi yake ba shi.

Ya tambayi dalilin da ya sa ruwan kore. Ta ce rini suke zubawa don gano yoyo. Ta nuna masa wata shuɗiyar fitila rataye a ƙusa, ta ce in an kashe wuta aka haska ta, duk inda ruwan ya taɓa sai ya yi ƙyalli. Ta ƙara da cewa jarababben rini ne, ko da sabulu ka wanke sai ya kwana biyu a ƙarƙashin farce.

Sufeto ya yi mata godiya, ya sa Saje ya tsaya a ƙofar kada ko ƙuda ya shiga.

Manaja ya karɓe shi a ofis da fara'ar da ta fi ƙarfin ranar. Ya ce shi tun da aka tashi cin abinci yana ɗakin cin abinci, bai motsa ba sai da aka yi ihu. Sufeto ya ce to madalla, sai dai mai dafa abincin ta nuna masa kwanon Manaja a rufe, ko cokali ba a sa ba.

Manaja ya soma gumi, alhali fanka na kansa. Sufeto ya matso da kujera, ya shaƙi iska, ya ce alewar da yake tsotsa tana da ƙamshi, amma ba ta kai ta rufe warin taba ba.

Nan take mutumin ya saki jiki kamar an zare masa laka. Ya ce don girman Allah kada maganar ta kai gida, ya rantse wa matarsa ya daina tun bara. Bayan ɗakin janareto yake laɓewa kullum, daga can kuma ba a ganin komai sai bango. Sufeto ya yi tsaki. Ga gawa kwance, shi kuma wannan bawan Allah tsoron matarsa ne ya dame shi.

"Su wa ba su je cin abinci ba?"

"Ni, da marigayi, da Baba. Shi a ofis ake kai masa, saboda ciwon gwiwa."

"Auta fa?"

Manaja ya dubi ƙofa. Ya ce bai so ya faɗa ba, amma ita ma ba ta je ba. Kuma da safe ya wuce ta ƙofar ɗakin gwaji ya ji su suna sa-in-sa, ita da yayanta. Abin da kunnensa ya kama shi ne tana cewa, wallahi in ka faɗa masa kashe shi za ka yi, kuma ba zan yafe maka ba.

Da Saje ya ji wannan sai raharsa ta ɗauke. Ya ce Yallaɓai, ashe ba sakaci ba ne, kisan kai ne, kuma ga shi ta yi ƙarya, ga shi ba ta da shaidar inda take. Sufeto ya ce shi ma ya iya lissafin nan. Abin da bai gane ba shi ne yadda wadda ta ƙera famfon da ba ya buƙatar noti za ta je ta murɗa noti.

Ya sami Auta zaune a kan wani akwati a zaure, ta haɗa kai da gwiwa. Bai yi wani kewaye-kewaye ba, ya maimaita mata abin da aka ji ta faɗa. Ta ɗago a firgice, ta dubi ƙofar ofishin Baba, ta roƙe shi su matsa gefe.

Ta ce a cikin motarta ta zauna tana kuka lokacin cin abinci. Sa'an nan ta tambaye shi ko ya san yadda matar Yaya ta rasu. Ya ce bai sani ba.

Bara waccan ne, in ji ta. Matar Yaya ita ce 'yar Baba, ita kaɗai Allah ya ba shi. Tana cikin cunkoso da tsakar rana motarta ta kama da wuta, ƙofofi suka ƙi buɗuwa, mutane na kallo. Aka ce batir ne, aka rufe maganar. Yaya bai yarda ba. Ya karɓo ragowar motar, ya yi ta tono bakin rai bakin fama, har ya gano iska ce ta taru a famfo, ruwa ya tsaya, batir ya ɗau zafi. Famfon kuwa na Baba ne, wanda ya zana da hannunsa, wanda ake kiransa da sunansa.

Sufeto ya ce ta ci gaba.

Ta ce sabon famfon duk don haka aka yi shi. Yanzu da ya tabbata yana aiki, Yaya ya ce zai sanar da masu haɗa motoci su janye tsohon daga kan hanya, kuma ba zai yi a ɓoye ba, sai ya fara faɗa wa Baba ido da ido. Ita kuma ta ce a janye, amma a nemi wani dalilin a faɗa. Tsohon nan shi ya riƙe su tun suna makaranta, shi ya koya musu riƙon sifana. In ya ji cewa aikinsa ne ya cinye 'yarsa, zuciyarsa bugawa za ta yi.

"Don Allah, Yallaɓai, kada ka bari ya ji," ta ce. "Ya rasa 'ya, yau ya rasa suruki. Ni ku tafi da ni, ya isa."

Sufeto ya ce ta jira shi a nan.

Ya koma ɗakin gwajin shi kaɗai. A bango akwai kanta da aka jera tsofaffin famfuna don kwatance, duk sun yi ƙura, in ban da guda ɗaya da ke sheƙi kamar yanzu aka fito da shi daga kwali. Na ƙarfe ne, mai nauyi, murfinsa zagaye da noti uku a jere. Ya sa hankici ya ɗaga shi, ya tarar ƙarƙashinsa da lema. Ya duba maɗaurin tiyon da ya fizge, ya ga sabon karce a jikin notinsa, irin na sifanar da ta zame a hannun mai sauri.

Ofishin Baba na ƙarshen zauren, tsaf-tsaf, hoton wata mace mai murmushi a kan tebur. Abincinsa na nan a rufe. Tsohon ya ce ya zauna, ya kira shi ɗana, ya ce shi abin da ya fi damunsa yarinyar nan ce, a yi mata sassauci.

"Baba, yaushe rabonka da ɗakin gwaji?"

"Kafin yau da aka kira ni? Ai na manta. Tun da yaran suka fara sabon aikinsu na bar musu."

"Ruwan gwajin fa, kana taɓawa?"

"Ina ni ina ruwa? Hannun nan yanzu sai biro."

Ya ɗaga hannuwan yana murmushin gajiya. Fes suke, har da ƙamshin sabulu. Ya ƙara da cewa shi dama ya sha gaya musu sabon famfon nan gaggawa aka yi masa, ga shi abin da ake gudu ya faru. Shawararsa a ajiye shi, a ci gaba da wanda aka sani.

Sufeto ya ce gaskiya ne, shi ma ba ya son sabon abu. Sai dai akwai alfarma guda: rahoto zai rubuta, kuma bayanin yaran zamani ya shige masa duhu. Ko Baba zai daure ya zo ya nuna masa yadda ake kunna injin, a tebur na biyu?

An riga an tafi da gawar. Sufeto ya tara su a ɗakin, Baba da Auta da Manaja, Saje ya tokare ƙofa. Ya ce Auta ta fara. Ta matso, ta duba tiyo, ta ɗora yatsa a kan makunni, ta ce shi ke nan, dannawa kawai ake yi.

Sai Baba ya matso. Sufeto ya tsaya dab da shi yana jansa da hira, yana tambayarsa shekarar da ya ƙera famfonsa na farko da irin wahalar da ya sha. Fuskar tsohon ta ɗan saki. Ya soma ba da labarin wani ɗan shago da tsohuwar injin walda, idonsa na kan Sufeto, bakinsa na magana. Hannunsa na dama kuwa ya tashi da kansa, ya wuce makunni ko kallo babu, ya haura saman bututu, babban yatsa a miƙe.

Sufeto ya cafke wuyan hannun kafin ya taɓa notin.

"Me za ka yi a nan, Baba?"

Tsohon ya dubi hannunsa kamar na wani ne.

Sufeto ya ce Saje ya rufe ƙofa ya kashe wuta. Duhu ya rufe su, ya laluba ya ciro shuɗiyar fitilar ya kunna. Ƙasa duka ta ɗau ƙyalli, takalman kowa ma haka. Ya haska hannun Manaja, ba komai. Ya haska na Auta, duk tafin ya yi dabbare-dabbare, kamar yadda ya kamata ga wadda ta yini tana aikin. Sa'an nan ya haska hannun da ke riƙe a nasa.

Tafin fes yake. Amma babban yatsan, zagayen farcen kaf, yana ci da koren haske. Sufeto ya ɗaga fitilar a hankali. Ga 'yan ɗigo-ɗigo sun bi hannun riga sun haura, sun watsu a farin gemun, har da gefen gilashi.

Manaja ya yi salati. Auta ba ta gane ba tukuna, sai duban wannan take ta dubi wancan. Sufeto ya sa aka kunna wuta, ya juya gare ta, ya yi magana a hankali don kowace kalma ta shiga.

"Injiniya, tiyonki ya ɗauru daidai. Kwance shi aka yi da sifana. Yayanki ya riga ya rasu kafin a kunna injin nan, kuma wanda ya kunna sai da ya fitar da iska."

Ta zame ta zauna a cikin ruwan.

Baba ya cire gilashi ya riƙe a hannu. Bai yi musu ba, bai nemi lauya ba. Ya ce Dogo ne ya je ya kira shi bayan kowa ya fita. Ya jera masa famfuna biyu, ya soma bayani tiryan-tiryan, da ladabi, har yana cewa Baba ka gafarce ni. Shi kuma ya ce wa Dogo ya isa haka, ya yi shiru. Dogo bai yi shiru ba. Ya juya zai ɗauko ƙonanniyar farfelar motar ya nuna masa, daga nan shi Baba sai ganin famfo ya yi a hannunsa, yaron kuma a ƙasa.

Auta ta ce cikin kuka, ai ta faɗa wa Yaya, ta ce Baba ba zai iya ɗaukar labarin ba.

"Ba labari ya ba ni ba," in ji tsohon. "Na sani tun ranar."

Sufeto ya tambaye shi ta yaya.

Baba ya ce da safen ranar 'yarsa ta biyo ta gaishe shi. Ta ce Baba motata tana wani ƙugi, zo ka ji. Ya sa kunne, ya gane sarai, amma yana saurin zuwa wani taro. Ya ce mata 'yar iska ce ta shiga, za ta fita da kanta, ki tafi abinki. Tun daga ranar yake kwana da maganar yana tashi da ita, kuma yana iya rayuwa muddin ba wanda ya furta ta a gabansa. Da ya ga Dogo kwance, sai ya ce in aka ɗora laifin a kan sabon famfo za a binne shi, ba kuma wanda zai sake tambayar dalilin da ya sa aka ƙera shi.

"Ni fa, Baba?" Auta ta tambaya. Muryarta ko rawa ba ta yi. "Ka dafa kafaɗata ka ce kowa na kuskure."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Can ya ce ya ɗauka ita yarinya ce, za ta warke.

Saje ya ciro ankwa ya sa wa tsohon. Da aka fito da Baba zaure ma'aikata suka dare, wasu suka ɗora hannu a ka, mai dafa abinci ta fashe da kuka. Akasarinsu shi ya ɗauke su aiki.

Sufeto ya tsaya wurin Auta kafin ya fita. Ya ce mata ta kira wani nata ya zo ya ɗauke ta, kada ta yi tuƙi yau. Ta gyaɗa kai, ta dubi hannuwan nan nata da ta miƙa masa ɗazu, ta goge su a jikin riga.

Aka sa Baba a kujerar baya, Sufeto ya zauna gefensa. Ba su yi nisa ba suka sake faɗawa cunkoso, rana ba ta yi sanyi ba, motoci sun tsaya hanci da wutsiya. Can sai motar ta soma, daga ƙarƙashin kujera, ƙulu-ƙulu, ƙulu-ƙulu.

Tsohon da ya sunkuyar da kai tun daga masana'anta ya ɗago zumbur. Ya karkata kunne.

"Ta daɗe tana wannan?"

Saje ya ce ai ta kwana biyu, shi dama ya ce iskoki ne da… sai ya katse maganar. Ya dubi Sufeto ta madubi, idanunsa sun firfito.

"Kashe ta," in ji Baba. "Kashe ta yanzu, ku buɗe ƙofofi. Famfona ne a ciki."

Kan ka ce me sun fito su uku sun tsaya a gefen titi, tsoho da ankwa a tsakiya, direbobi na leƙowa suna danna oda. Sufeto ya ji gumi na bin bayansa. Ya tuna yadda suka yi ta yawo a motar nan suna dariya, da masu laifi da marasa laifi a kujerar baya.

Ya dubi layin motocin da ya miƙe iya ganinsa, galibi masu lantarki, shiru kamar ba a kunne suke ba. A ta kusa da su wata mata ce ke gyara wa jaririyarta hula. Sufeto ya ce Saje ya riƙe tsohon, ya kuma kira Auta a waya ya faɗa mata aikin yayanta ba zai jira a gama zaman makoki ba. Shi kuma ya taka zuwa motar matar, ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo a kan kwalta mai zafi, ya kara kunne.